Dangar Kara a Gaban Zaurena

Abin da na ɗora a kan sikeli a shekarar nan ba shi da wuyar lissafi. A gefe ɗaya akwai magina tara, waɗanda duk simintin da suke kwaɓawa tsakanin Kankara da Yankara daga sitona yake fitowa. Akwai yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Akwai kuma sunan da na sha wuya kafin in yi, na mutumin da ba ya wasa da hanyar abincinsa. A ɗaya gefen bango ne guda, fuskar zaurena, wanda faɗinsa bai kai tsawon motar ɗaukar kaya ba. Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi zai gaya maka gefen da ya fi nauyi. Ni ma na sani.

Ni mai sayar da siminti ne da kwanon rufi. Ban gaji wannan ba, ban ma gaji komai ba sai fartanya. Na fara da tallar kananzir a kwalba, na koma bin ƙauyuka ina sayen auduga. Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, aka wayi gari kowa ya raina ɗakin ƙasa. Malamin makaranta yana son bulo, mai fataucin shanu yana son bulo, wanda ya dawo daga Makka kuwa sai ka ce barci ba ya ɗaukarsa a ƙarƙashin azara. Na duba na ga inda mutane suka nufa, na sayar da audugar da ke hannuna, na tafi Funtuwa na ɗauko siminti.

A sana'ar nan akwai abin da wanda ba ya ciki ba zai gane ba. Mai gida ba ya zaɓar inda za a sayo siminti. Maginin da ya ɗauka shi ke cewa a je wurin wane, kayansa ba su sha iska ba. Don haka ainihin masu cinikina magina ne, su kuwa suna da babba, wani tsoho da kowa ke kira Baba. Kakansa magini, ubansa magini. A aikin tubali da laka ban ga kamarsa ba, wannan ba zan hana shi ba. Da bulo ya zo ya karɓe shi yana ɓata rai, amma ya karɓa, kuma inda ya nuna da sanda nan sauran suke bi. Na riƙe shi yadda ake riƙe irinsa: goro duk mako, yadin shadda duk Salla, ya shigo shago in tashi in ba shi kujerata.

Akwai kuma wata tsohuwar magana tsakaninmu, wadda na tabbata shi ya manta. Tun ina ƙarami hannuna ba ya zama wuri ɗaya. In an yi ruwa ƙasa ta yi laushi, sai in sami tsinke in cika tsakar gida da zane. Rumbun mahaifiyata a ƙauyenmu, can wajen Mabai, babu inda ban karce ba a jikinsa. Ina saurayi na iske Baba yana yi wa zauren wani attajiri ado da laka, na tsaya kallo har rana ta take. Da ya sauko na durƙusa na roƙe shi ya bar ni in yi ko kusurwa ɗaya, ba don a biya ni ba. Bai ko dubi hannuna ba.

Ya ce, "Ɗan wane ne kai?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Ubanka manomi ne. Tahi ka yi noma. Gini gado ne, ba a yi mishi haye."

Leburorinsa suka yi dariya, na kakkaɓe gwiwata na tafi.

Da Allah ya buɗa mini na tashi gina gida a bakin hanya, Baba na ba aikin, don ba ni da wani zaɓi. Ginin ya yi kyau. Da aka zo fuskar zaure na ce ina son ado irin na da, amma da siminti.

Ya ce, "Alhaji, siminti ba ya jin hannu. Laka tana jiranka ka je ka ci tuwo ka dawo. Wanga abu naku, kafin ka gama tunani ya daskare."

Na nace. Sai ya turo ɗansa, wanda ya yi mini da'ira uku da wani abu da ya ce agogo ne, a yini ɗaya, yana yi yana shan rake. Ni nake sayar da simintin nan, na san launin kwaɓin da aka yi wa rowa. Yashi ne kawai aka nuna wa siminti daga nesa. Ruwan farko ya kwaɓe rabinsa, agogon ya faɗo a kan akuyar maƙwabcina. Na je na gaya wa Baba. Ya gutsuri goron da na kai masa ya ce, "Ai na gaya maka."

Ba lalacewar aikin ce ta ci mini rai ba, kaya sun sha lalacewa a hannuna. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, mutanen nan sun tare ƙofar abin da su kansu sun daina so. Ba su yi ba, ba su bari a yi ba.

Da kaka ta yi na sayi kara, na sa aka kafa mini danga tun daga ƙasa har indararo, taki ɗaya daga jikin bangon, aka bar hanyar shiga ta gefe. Na ce sabuwar fulasta zan yi, tana son inuwa da ban ruwa. Babu wanda ya yi mamaki, don ni ne ke gaya wa masu saye haka kullum.

A bayan dangar nan na yi rani. In na dawo daga sallar asuba sai in tuɓe riga in shiga, in yi aiki har hantsi, in wanke in tafi shago. Baba bai yi ƙarya ba, siminti ba ya jira. Na ɓata da yawa kafin in gane halinsa. Sai na koma kwaɓa kaɗan, abin da bai wuce faɗin faifai ba. In shafa hawa na farko da aka haɗa da jar ƙasa, in ya kama in ɗora mai haske a kai, in tsaya. In ka danna babban yatsa ruwa ya taso, da saura. In ka danna bai lotsa ba, ka makara, sai ka sa guduma. Tsakanin nan akwai ɗan lokaci da yake yarda, a nan nake karce na saman har jan ya fito. Da bakin cokalin cin abinci nake yi, na matata, da wata karyayyar wuƙa. Simintin ya cinye mini yatsu, fata ta tsage, in na yi alwala sai na cije haƙori. Matata ta riƙa shafa mini man kaɗanya, sai wata rana ta ce, "Alhaji, ni dai in an gama a maido mani cokalina."

Ban zana mutum ba, ban zana dabba ba, don kada in ba malamai abin faɗa. Na zana abin da na sani. Zangarniyar dawa a dama da hagun ƙofa. A sama, duwatsun Faskari yadda suke bayyana in kana bisa kayan mota ka fito daga Yankara. Hanya tana nannaɗewa tsakaninsu. Auduga ta buɗe baki. Daidai saman ƙofa sikeli, na kewaye duka da igiya mai tufka biyu irin wadda muke ɗaure buhu da ita.

Kafin zafi ya shigo na gama. Daga nan kuma na kasa kwance dangar.

Ni da na bi dajin Sabuwa da kuɗin auduga a ƙugu ban ji ɗar ba, ni ne igiyar ramar da aka ɗaure danga da ita ta gagara. Kowace safiya in shiga bayan karan in tsaya, in ga abin ya yi kyau, in ce gobe. Gobe in shiga in ga duwatsun sun yi kama da tulin dankali, in ce ni da hankalina zan fito da wannan a bakin hanya? Gari kuwa ya sami abin wasa. Mai shayin da ke tsallaken hanya in ya hango ni sai ya ɗaga murya.

"Alhaji, wanga bango har yanzu bai gama jego ba?"

Wani ya karɓe, "Kai, kulle ya sa shi. Alhaji akwai kishi."

"In amarya ce a ciki a gaya muna, mu kai gara."

In yi dariya tare da su, raina yana tafasa. Haushinsu kaɗan ne. Haushin kaina nake ji, mutum da gemunsa yana ɓoye aikin hannunsa kamar kayan sata.

Baba ne ya gano. Ya zo ɗaukar kayan wani aiki da ya samu a Sabuwa, muka gaisa, sai ya ƙi sakin hannuna. Ya juya shi, ya bi kan yatsun da babban yatsansa, ɗaya bayan ɗaya. Hannun da ya ƙi duba ina saurayi, ran nan ya dube shi sosai.

Ya ce, "Mai sayarwa bayansa ke yin fari da ƙura. Wagga ƙuna ta mai kwaɓawa ce."

Ya sa aka loda kayansa ya tafi.

Bayan kwana kaɗan suka zo da la'asar, shi da yayana. Na shimfiɗa musu tabarma a cikin zaure, suka zauna suka jingina da bangon nan ta ciki. Yaya ne ya fara, ko gaisuwa ba mu ƙare ba.

"Kai, kana cikin hankalinka kuwa? Alhaji guda, ka tuɓe riga kana kwaɓa kamar lebura? A gidanmu wa ka ga ya yi? Kana da ɗiya mata, gobe a zo neman aure a ce ubansu ɗan haye ne?"

Na ce, "Yaya, sayar da simintin ma haye na yi, ban ji ka hana ba."

"Wancan kuɗi yake kawowa! Wanga mi yake kawowa?"

Baba ya ɗaga hannu, Yaya ya yi shiru. Cikin natsuwa ya yi magana, kamar mai tayin saniya.

"Alhaji, hanya biyu ce. Ko yarana su zo gobe su shafe shi, ba ko kwabo. Ko ka kwance dangarka a ce aikin gidanmu ne, ɗana ya dawo ya gyara abin da ruwa ya ci. Ka ba da goron magina, magana ta mutu, ciniki ya ci gaba. In na bar wagga ƙofa a buɗe, gobe mai facin keke ya ɗauki cokali, jibi mahauci ya ɗauka. Mu kuma mu ci mi?"

Maganar ƙarshen nan ban raina ta ba. Mutum yana kare abincinsa, ni ma abin da nake yi ke nan tun da na tashi. Tayin ma mai kyau ne: bangona ya tsaya, masu cinikina su tsaya, abin da zan bayar suna ne kawai. Na yi cinikin da ya fi wannan muni ina murmushi. Har zuciyata ta fara karkata. Sai na ce, "Baba, ga shi nan a bayanka. Tashi mu zagaya ka gani tukuna."

Ya ce, "Ba sai na gani ba."

Na ce, "Za ka ɗora sunan gidanku a kan abin da ba ka gani ba?"

Ya ce, "Ko mi ka karce, ɗaya ne."

A nan cinikin ya mutu, ko da yake su ba su sani ba. Da ya duba ya ce bai yi kyau ba, da na haɗiye. Da ya duba ya ce ya yi kyau amma al'ada ta hana, wataƙila da na ba shi sunan. Amma rani guda na yi ina cin ƙuna, mutumin da ya fi kowa sanin abin nan a ƙasarmu yana jingine da shi, kauri ɗaya na bulo tsakaninsu, ya ce ba sai ya gani ba. Na ce zan yi tunani, na raka su. A bakin ƙofa Yaya ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Tsoho ya yi maka mutunci. Ka ce to kawai."

Baba ya aiko cewa ran Juma'a in an sauko zai biyo ta ƙofata da mutanensa. Ma'anar a fili take: a kwance dangar a gabansa, jama'a su yi masa sannu da aiki, ni in yi shiru.

Ran nan ana sallamewa na riga kowa fita. Na tuɓe babbar riga na rataya, na sa cokalin a aljihu, na ɗauko wuƙa. Ban kira kowa ya taya ni ba. Na yanke igiyar sama, na yanke ta tsakiya. Gara ta riga ta cinye gindin karan, don haka ban ko tura ba, dangar ta tafi gaba ɗaya ta kwanta a kan hanya, kaji suka watse. Daidai lokacin masu dawowa daga masallaci suka karyo kwana.

Aka tsaya. Ban taɓa ganin bangon daga nesa ba sai ran nan, taki ɗaya kawai danga ta bar mini. Na ga hanyar da na zana ta karkace fiye da yadda na so. Na ga jan ya fito da rana fiye da yadda na zata.

Mai shayi ne ya fara magana. "To, ga jaririn ya fito. Ashe jegon bai tahi banza ba."

Wani ya ce hanyar ta yi kama da maciji. Wani ya ce ƙarya ne, ga kwanar da mota ke nishi kafin Faskari. Suka kama musu a kai. Akwai wani tsohon Bamaguje daga wajen Tafoki da ke zaune tun ɗazu yana jirana ya sayi kwano. Ya taso ya ɗora yatsa a kan zangarniya ya ce, "Wagga kaura ce. Ta nuna, a yanke ta kada tsuntsu ya gama da ita." Kaura kuwa na zana. Na juya baya kamar ina tattara igiya.

Sai ga Baba da mutanensa, Yaya a gefensu. Aka buɗa musu. Wani Alhaji mai fataucin shanu, wanda ke shirin gini a lokacin, ya ce, "Baba, sannu da aiki! Ashe siminti ma kuna iya mishi haka?"

Baba ya juyo ya kalle ni. Ba a nemi in yi ƙarya ba, shiru kawai ake so. Yaya ya matso ya taka mini ƙafa.

Na ce, "Ba aikin Baba ba ne. Ni na yi."

Muryar ta fito siririya kamar ba tawa ba, na bayan ba su ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Na ciro cokalin na ɗaga, na buɗe yatsuna kowa ya ga tabon.

Wani ya ce, "Alhaji, da cokalin Hajiya?" Aka fashe da dariya. Na bar su suka yi, hannuna yana sama har suka gama.

Yanzu dole Baba ya duba, jama'a na kallonsa. Ya bi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana ƙwanƙwasawa da sanda yana saurare, yana neman inda zai yi ƙarar rami. Bai samu ba. Ya daɗe a kan igiyar nan mai tufka biyu, na ga bakinsa ya motsa. Na jira. Sai ya ɗaga sandar ya nuna ƙarƙashin indararo.

"Nan ka cika kauri. Ba ka bar wa ruwa hanya ba. Damina biyu ya faɗo."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya juya, mutanensa suka bi shi, Yaya ma ya bi su. Na shiga na sa rigata na buɗe shago, na auna wa Bamagujen nan kwanonsa.

Ga yadda lissafin ya tashi. Cikin magina tara, bakwai ba su sake ɗaukar ko buhu ɗaya a wurina ba. Suka koma wa wani da ya buɗe shago a Yankara, suka mai da shi attajiri a kan idona, a shekarun da siminti ke tafiya kamar ruwan sha. Biyun da suka rage sai in kaya sun yi wuya suke turo lebura a ɓoye. Mai fataucin shanun nan ya yi gininsa da simintin Yankara. Na karkata ga kwano da ƙusa, don kafintoci ba su da Baba, na riƙa bin kasuwar Sabuwa ina sayar wa manoma hannu da hannu. Na ci da iyalina, ban roƙi kowa ba, amma benen da na yi niyya ban gina shi ba. Yaya ya daɗe ba ya bi ta zauren nan, ta ƙofar gefe yake shigowa. 'Ya'yana mata sun yi aure, babu wanda ya tambayi ko ubansu ya taɓa kwaɓa siminti.

Babu kuma wanda ya taɓa cewa in zo in yi wa bangonsa ado, ko mutum ɗaya. Amma ba a jima ba na fara ganin zauruka a Kankara da Faskari da fulasta hawa biyu, ja a ƙasa, mai haske a sama, an karce da cokali. Ɗan Baba ne da yaransa. In ka tambaye su sai su ce gado ne, haka suka taso suka ga ana yi. Wannan har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ƙarƙashin indararon ya faɗo kamar yadda tsohon ya ce, sai dai a damina ta huɗu, ba ta biyu ba. Ban gyara ba. Cokalin kuma ban mayar ba, sabo na saya mata.

In lissafin kasuwa ne, na faɗi, kuma faɗuwa ce babba, ba zan yi mata kwalliya ba. Abin da ya rage a gefena shi ne bangon, da kuma cewa in baƙo ya tsaya ya tambayi wanda ya yi, duk wanda ke kusa zai ce masa mai gidan ne da hannunsa. Na sha auna wannan da magina bakwai, bai taɓa cike gurbinsu ba. Duk da haka, cikin asarar nan gaba ɗaya, wadda nake jin na yi ta da wauta guda ce: watannin da bangon ya yi a kammale, ina barin gara da kaji suna kallonsa a bayan kara.